Ramin Haƙa da Gidan Lebura: Darasin Tarihi Domin Masu Kiwon Ikkilisiya

A shekara ta 1941 aka fito da wani fim a Amurka mai suna How Green Was My Valley, wanda John Ford ya shirya daga littafin Richard Llewellyn na 1939. Labarin iyalin Morgan ne, masu haƙar kwal a kudancin Wales, cikin Birtaniya. Masu ramin suka rage lada, 'ya'ya suka ce a kafa ƙungiyar ƙwadago, uba ya ƙi, gida ya rabu biyu. Waɗansu 'ya'yan suka bar ƙasar, ɗaya ya mutu a rami, daga baya ramin ya rufta da uban shi ma. Dalilin kawo fim ɗin cikin karatun masu hidima shi ne yadda ya nuna majami'a. Dattawan ikkilisiya sun yi zafi wajen kunyatar da yarinyar da ta haihu ba aure, amma dattin kwal da ke rufe kwarinsu bai dame su haka ba. Faston, Gruffydd, ya goyi bayan ma'aikata, ya tsauta wa masu tsegumi, kuma ran da rami ya rufta ya sauka tare da masu ceto.

Abin da ke bayan labarin

Labarin ƙagagge ne, amma wahalar gaskiya ce. A 1913 fiye da mutum 200,000 ke aikin kwal a kudancin Wales. Ran 14 ga Oktoba na shekarar, iskar gas ta fashe a ramin Senghenydd, masu haƙa 439 suka mutu. A wannan ƙasa ce aka yi babbar falkaswa ta 1904 zuwa 1905, kuma Evan Roberts, wanda ya fi shahara a cikinta, tun yana yaro yake aikin rami. Majami'u suka cika maƙil. Amma da rigimar lada ta tsananta, musamman yajin aikin 1926, ma'aikata da yawa suka ga zauren ƙungiya ya fi majami'a sauraron kukansu. Yau majami'u da dama a waɗannan kwaruruka a rufe suke.

Ɗiban gwamna

A watan Fabrairu 1942 fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau. A wannan watan ne kuma sojojin Japan suka kama Singafo, bayan sun ƙwace Malaya, inda ake haƙar kuza mai yawa. Sai idon Turawa ya koma kan kuzar Filato. Gwamnatin Gwamna Bourdillon ta kafa dokar aikin tilas. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutum wajen 100,000 daga lardunan Arewa, har da Lardin Sakkwato, wanda a lokacin ya haɗa da Zamfara da yawancin Kebbi ta yau. Talakawa suka kira abin ɗiban gwamna.

Ta hannun En'e aka bi. A yanka wa hakimi adadi, shi ya raba wa dagatai, dagaci kuma ya nuna wanda zai tafi. Mai hali yakan sami hanyar kuɓuta, marar galihu shi ke shan tafiya. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato ya iske kansa cikin sanyin tsaunukan Jos, yana ɗaukar ƙasa a kwanon sarki, yana kwana a bukkar bariki ba isasshen bargo, abinci kuma bai wadata ba. Ciwon haƙarƙari da waɗansu cututtuka suka kashe mutane da yawa, musamman a aikin dam na Tenti. Dubbai suka gudu. Har a majalisar dokokin Birtaniya an yi ƙorafi, aka soke tsarin a 1944.

Ya kamata mu lura cewa ba wanda aka ɗiba kaɗai ya biya ba. In tafiyarsa ta faɗo da damina, gonarsa sai ciyawa, matarsa da 'ya'yansa su shiga rani rumbu ba kome. Mutanen Berom kuma, waɗanda aka haƙa kuza a ƙasarsu, sun rasa gonaki, aka bar musu manyan kududdufai da har yau suke nan.

Zinariyar Zamfara

Tun cikin shekarun 1930 aka yi rububin zinariya a Lardin Sakkwato. Da farashinta ya tashi bayan 2008, manoma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka koma haƙa. Dutsen da suke samu yana ɗauke da dalma. Suna kawo shi gida, a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙa, ƙura ta sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ga yara suna mutuwa da jijjiga a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Aƙalla yara 400 suka mutu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu. Sai a 2013 aka kankare gurɓatacciyar ƙasar Bagega. A nan uban bai ma bar gida ba. Ramin ne ya biyo shi har ɗaki. Iyayen ba mugaye ba ne. Abinci suke nema, ba wanda ya faɗa musu abin da ke cikin ƙurar.

Abin da wannan ke koya wa mai hidima

Littafi Mai Tsarki ya san aikin rami. Ayuba 28 ya bayyana yadda mutum ke kutsawa cikin duhun ƙasa neman azurfa da zinariya. Kubawar Shari'a 24:14-15 ta hana zaluntar ɗan ƙwadago, ɗan ƙasa ne ko baƙo, ta umarta a biya shi a ranar. Yakubu 5:4 ya nuna cewa ladan da aka danne yana kai ƙara gaban Ubangiji. Saboda haka lada da lafiyar ma'aikaci ba siyasa ce da aka shigo da ita majami'a ba, suna cikin abin da aka ba mu mu koyar.

A cikin birnin Sakkwato muna da masu bi da ke lebura, masu dakon siminti, masu fasa dutse, da samarin da kan ɓace watanni su ce sun je wajen zinariya. Fasto da ya san wanda bai ba da zakka ba, amma bai san aikin da ya samo kuɗin ba, bai gama sanin tumakinsa ba. Horon ikkilisiya yana da wurinsa, sai dai in kullum kan yarinya marar gata yake sauka, bai taɓa isa ga dattijon da ke riƙe ladan yaransa ba, matasa suna gani, kuma za su yi abin da na Wales suka yi. Mu tuna kuma yawancin waɗanda aka ɗiba daga Sakkwato, da iyayen yaran Zamfara, Musulmi ne. Dokar Musa ta ambaci baƙo domin kada mu tsaya ga namu kaɗai.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne ayyuka ne ke ciyar da iyalan ikkilisiyarka, wane hatsari ke cikin kowanne?
2. In mai ba da babban baiko yana danne ladan ma'aikatansa, yaya za ka bi da shi bisa Matiyu 18:15-17?
3. Me za ka faɗa wa saurayin da ya zo neman addu'a zai tafi haƙar zinariya, alhali ba shi da wata sana'a?