Kulawar rage raɗaɗi: Jinyar masu cutar da ba ta warkewa

A wani ƙiyasi da ta fitar a shekarar 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kusan miliyan 57 ne ke buƙatar kulawar rage raɗaɗi a kowace shekara, amma kimanin kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samun ta.

Akasarin masu buƙatar suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfin tattalin arziƙi, inda sau da yawa ba a kai mara lafiya asibiti sai bayan cuta ta ci jikinsa.

Mece ce wannan kulawa?

Kulawa ce da ake bai wa mutumin da ke fama da cuta mai barazana ga rayuwa, kamar cutar daji, da ƙanjamau, da ciwon zuciya ko na ƙoda da ya yi nisa.

Manufarta ita ce sauƙaƙa zogi da sauran wahalhalu irin su amai, da sarƙewar numfashi, da rashin barci, tare da tallafa wa iyalan da ke jinya.

Ba a gaggauta mutuwa da ita, ba a kuma ƙoƙarin jan rai da ƙarfi. Ana iya soma ta tun ranar da aka gano cutar, a lokaci guda da sauran magunguna.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2010 ya nuna cewa masu cutar dajin huhu da suka samu kulawar da wuri sun fi samun kwanciyar hankali, har ma sun ɗara 'yan'uwansu tsawon rai da kusan watanni uku.

Asalinta

Wata 'yar Birtaniya, Cicely Saunders, wadda ta yi aikin jinya kafin ta zama likita, ita ce ta buɗe gidan jinya na St Christopher a birnin Landan a 1967. Irin wannan gida shi ake kira hospis.

Ta koyar da cewa ciwon mai fama da cutar ajali bai tsaya a jiki kaɗai ba. Akwai tsoro, da damuwar abin da zai samu iyali, da tambayoyin da suka shafi addini.

Ta kuma dage kan a riƙa ba da maganin kashe zogi a kan lokaci, maimakon a jira sai mara lafiya ya fara nishi. Ta rasu a 2005 a cikin gidan da ta kafa.

A nahiyar Afirka, hospis na farko shi ne na Island, wanda aka kafa a 1979 a birnin da yanzu ake kira Harare, a Zimbabwe.

Jinya a gida

Gina ɗakunan kwantar da marasa lafiya na cin kuɗi da yawa, kuma mutane da dama sun fi son su ƙarasa kwanakinsu a tsakiyar iyali. Wannan ne ya sa ƙasashe masu tasowa suka fi karkata ga jinya a gida.

Misalin da ake yawan kawowa shi ne na Uganda, inda Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Najeriya, ta kafa Hospice Africa Uganda a birnin Kampala a 1993. Ta rasu a 2025.

Ma'aikatan jinya na ƙungiyar kan bi marasa lafiya har gida, su duba su, su ba da magani, sannan su koya wa masu jinya yadda ake juya wanda ya daɗe a kwance don kada jikinsa ya saɓule.

Sukan kuma yi amfani da dabaru masu arha, kamar daka ƙwayar metronidazole a barbaɗa a kan gyambo domin kawar da ɗoyi, wanda kan sa har 'yan'uwa su guji ɗakin mara lafiya.

A jihar Kerala ta Indiya kuwa, tsarin ya dogara ne da 'yan sa kai na unguwanni, waɗanda ke gano masu buƙata, su tara gudummawa, su kuma raka likitoci zuwa gidaje.

Wanda zoginsa ya gagara a gida, ko wanda ba shi da mai jinya, shi ake kwantarwa a hospis ko asibiti.

Batun mofin

Maganin da ya fi tasiri ga zogi mai tsanani shi ne mofin, wanda ake samu daga tsiron fofi. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba shi da tsada.

Sai dai tsauraran dokokin hana fataucin miyagun ƙwayoyi, da fargabar kada mara lafiya ya kamu da jarabar shan sa, sun sa samun sa na da wuya a ƙasashe da dama.

Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin al'ummar duniya mafi talauci na samun ƙasa da kashi ɗaya cikin 100 na irin waɗannan magunguna.

A Uganda ana shigo da garin mofin ne a haɗa shi da ruwa a cikin ƙasar, a sa masa launi gwargwadon ƙarfinsa, sannan mara lafiya ya riƙa sha duk bayan sa'o'i huɗu.

A 2004 ƙasar ta yi wa dokokinta gyara domin bai wa ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman damar rubuta maganin, ganin ƙarancin likitoci a karkara.

Likitoci na cewa idan aka bi ƙa'ida, ba kasafai mai fama da zogin cutar daji ke kamuwa da jarabar maganin ba. Matsalar da aka fi gani ita ce taurin bayan gida, don haka ake haɗawa da maganin sassauta ciki.

Inda aka kwana

A 2014 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri na farko a kan batun, yana kira ga ƙasashe su sanya kulawar cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko.

A Najeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan na cikin waɗanda suka fara buɗe sashe na musamman domin wannan aiki.

Sai dai har yanzu ƙarancin ƙwararru da na kuɗi na kawo cikas, yayin da nauyin jinya ke faɗawa a kan iyalai, musamman mata, waɗanda kan bar sana'arsu su zauna da mara lafiya.

Ana tunawa da ranar kulawar rage raɗaɗi ta duniya a Asabar ta biyu ta watan Oktoban kowace shekara.