Glacier Bay: tekun da bai kai shekara 300 ba

Idan ka shiga ƙaramin jirgin ruwa na 'yan yawon buɗe ido ka nufi Glacier Bay a jihar Alaska ta Amurka, za ka yi tafiyar kusan kilomita 100 a cikin wani lungun teku mai zurfi, duwatsu dama da hagu. Irinsa ake kira fiyod: kwarin da ƙanƙara mai tafiya ta ƙwaƙule, da ta janye ruwan teku ya cike gurbin. Wannan kuwa jariri ne.

A 1794 tawagar Kyaftin George Vancouver ta biyo ta bakinsa, ba ta samu hanyar shiga ba, sai katangar ƙanƙara. Da John Muir ya iso a 1879, cikin kwalekwale tare da 'yan ƙabilar Tlingit, katangar ta ja baya fiye da kilomita 45.

Kada ka ɗauka daga nan labarin ya fara. Kafin ƙanƙarar, kwari ne mai ciyawa da kogi, mazaunin Huna Tlingit. Wajen 1700 ta gangaro ta kore su, suka koma Hoonah, kuma har gobe labarin na bakin dattawansu. Da ta janye suka dawo farauta, sai ga wata katangar, ta doka. A 1925 gwamnati ta keɓe wurin, sannu a hankali aka hana su farauta da ɗibar ƙwan tsuntsayen teku. Sai a 2014 doka ta mayar musu da izinin ɗibar ƙwan.

Keɓewar kuwa, wani masanin tsirrai ne ya matsa a yi ta, William Cooper. Tun 1916 yake auna yadda rai ke komawa kan tsandaurin da ƙanƙara ta bari: gansakuka tukuna, sai ƙananan itatuwa, sai daji. Daga kan jirgi za ka ga haka da idonka, sai dai a juye: kurmi a bakin shiga, dutse tsirara a ƙurya.

Dabbobin ma baƙi ne. Wel mai doro, wanda ba kifi ba ne fa, shayarwa yake yi, nan yake kiwo lokacin zafi. Ƙarar injin na damunsa, jirgi kuma kan buge shi. Shi ya sa manyan jirage biyu kacal ake bari su shiga a rana, ƙananan ma da adadinsu, kuma inda wel ya yi yawa dole matuƙinka ya rage gudu.