Tarihin Zayyana Manhaja Kafin a Rubuta Ta

A farkon zamanin kwamfuta, manhajoji ƙanana ne, mutum ɗaya kan iya riƙe dukan aikin a kansa. Duk da haka, tun a 1947 Herman Goldstine da John von Neumann suka fito da zanen akwatuna da kibiyoyi da ke nuna matakan lissafi kafin a ba na'ura umarni.

A shekarun 1960 ayyuka suka fi ƙarfin ƙwaƙwalwar mutum guda. Manhajar OS/360 ta kamfanin IBM ta ci kuɗi da lokaci fiye da yadda aka ƙiyasta. A watan Oktoban 1968 masana suka taru a Garmisch ta ƙasar Jamus, ƙarƙashin ƙungiyar NATO, inda aka yi kira da a ɗauki rubuta manhaja a matsayin aikin injiniya.

Dabarar da ta samu karɓuwa ita ce tsamo jigon matsala, a jingine sauran bayanai sai lokacinsu ya zo. A birnin Oslo, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙiro harshen Simula 67, wanda ke kasa abubuwan duniya rukuni-rukuni, kowanne da siffofinsa da ayyukansa. A 1972 David Parnas ya nuna cewa ya kamata kowane sashen manhaja ya ɓoye sirrin cikinsa, ya bayyana aikinsa kawai. A 1976 Peter Chen ya kawo zanen abubuwa da alaƙar da ke tsakaninsu.

Da wannan zane, mai shirya manhajar asibiti irin na tarayya da ke Birnin Kudu zai fara da abu uku: majinyaci, likita da magani. Sai ya tambaya: shin majinyacin da ya zo daga Kiyako ko Gwaram zai iya mallakar kati biyu? Gyara amsar a takarda aikin minti kaɗan ne, amma bayan an shigar da dubban sunaye, gyaran na iya cin watanni.

Salon zane ya yawaita har ya rikita ma'aikata, sai Grady Booch da James Rumbaugh da Ivar Jacobson suka haɗa nasu ya zama UML, wanda aka amince da shi a 1997. Daga 2001 masu tsarin Agile suka rage dogaro da tulin takardu. Yau galibi ana yin ɗan gajeren zane a allo, a gwada shi da masu amfani da manhajar, a gyara, sannan a fara rubutu.