Gaya: Hanyar da Aka Ɗora wa Kayan Jirgin Ƙasa

Layin dogon da Faransawa suka shimfiɗo daga Kwatano ya isa Paraku, a Dahome (Benin ta yanzu), a 1936, bayan kilomita 438, a nan kuma ya tsaya. An yi niyyar ya kai bakin kogin Kwara, bai kai ba. Shi ya sa duk kayan da Nijar ke fitarwa ko shigowa da su ta tashar jiragen ruwan Kwatano, a kan taya suke ƙarasa tafiyarsu, kuma sai sun ratsa Gaya, garin Nijar da ke bakin kogin a kan iyaka.

Gyaɗa ce ta fara raya wannan hanya. A da, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta Kano take bi zuwa Legas, abin da bai yi wa Faransa daɗi ba. A shekarun 1950 sai ta ɓullo da shirin Hirondelle, manyan motoci su kwaso gyaɗa su sauke a Paraku, su komo da haja. A 1958 aka gina gada a kan kogin tsakanin Gaya da Malanbil ta Dahome, a 1959 kuma Nijar da Dahome suka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa, wadda daga baya aka sani da OCBN. Da gyaɗa ta ja baya, uraniyom na Arlit ya maye gurbinta. An ƙara gada ta biyu a ƙarshen shekarun 1980.

Abin da ke damuna a tarihin nan shi ne yadda ake ta zuba kuɗi a wuri guda. Hanyar Doso zuwa Gaya, wato RN7, kilomita 150 ce ko kusa da haka, amma tana shan lodin da ya fi ƙarfin kwalta. Gingimari ta wuce ƙa'ida, damina ta zo, ramuka su buɗe, a sake neman mai ba da tallafi. Ƙungiyar UEMOA ta kafa dokar ƙayyade nauyin motoci tun 2005, aiki da ita ya yi ta jan ƙafa. A 2016 hukumar MCC ta Amurka ta sa hannu kan tallafin dala miliyan 437, wanda wani kasonsa ya tafi ga sabunta kilomita 83 daga Doso zuwa Bella da kuma hanyar Margu zuwa Gaya. Aiki ne mai amfani, manoman shinkafa da masu kai kaya kasuwa sun shaida. Sai dai dogon da zai rage wa kwaltar wahala har yau babu shi: wanda kamfanin Bolloré ya soma a 2014 daga Yamai, a Doso ya ƙare, bai kuma yi jigilar kaya ba.

Sannan ga siyasa. A ƙarshen 1963, rikicin tsibirin Lete da ke cikin kogin ya sa Dahome ta toshe hanyar, kuma sai a 2005 Kotun Duniya ta ba Nijar tsibirin. Najeriya ta rufe iyakokinta a 2019, cinikin da ke bi ta Kamba, garin Najeriya da ke kusa da Gaya, ya durƙushe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya rufe gadar. An ɗage shi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe ɓangarenta, hukumomin Yamai suka bar nasu a rufe bisa dalilan tsaro. Fasinjoji suka koma kwale-kwale, manyan motoci kuma suka karkata ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada, wadda ake bi cikin ayari da rakiyar sojoji.