Daga Kulle zuwa A Daidaita Sahu: Matan Kano da Abin Hawa na Haya

Masu rubuta tarihin ci gaban mata a ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga makaranta da aikin albashi. Amma akwai wani abu da ba a cika kula da shi ba, watau hanyar da mace take bi daga ƙofar gidansu zuwa makarantar ko wurin aikin. Abin da wannan takarda za ta nuna shi ne, a birnin Kano fitar mata ta yau da kullum ta dogara ƙwarai ga samun abin hawa wanda jama'a suka yarda mace mai mutunci ta shiga.

A zamanin da, matar aure a cikin birni tana kulle ne. Ba ta fita sai da izinin miji, galibi da dare, zuwa biki ko suna ko gaisuwar mutuwa, kuma a ƙasa take tafiya, don birnin duka yana cikin badala. Wannan bai hana ta sana'a ba. Tana yin ƙosai da fura da ɗinkin hula a cikin gida, yara kuwa su ne ƙafafunta, su kai talla, su sayo mata kaya daga Kasuwar Kurmi. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Kano wajen 1976, ta nuna yadda cinikin matan kulle ya rataya a wuyan yara.

Abubuwa biyu suka sauya wannan tsari. Na farko, bayan da Kano ta zama hedkwatar jiha cikin 1967, gari ya bazu nesa da badala, unguwanni irin su Kurna da Hotoro da Sheka suka cika da mutane. Na biyu, shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya ɗebi yara da yawa zuwa aji. Sa'ad da 'yan matan da suka yi karatu suka zama malamai da ma'aikatan jinya, sai tafiyar da a da ake yi jifa-jifa ta zama ta kowace safiya. Malama mai zaune a Kurna ba za ta taka zuwa Jami'ar Bayero a kan hanyar Gwarzo ba.

Abin hawan talaka a lokacin shi ne tasi da ƙaramar bas da ake kira hayis, sunan da aka aro daga Toyota Hiace. Bayan matakan tsuke bakin aljihu na 1986 darajar Naira ta faɗi, motoci da kayan gyaransu suka yi tsada, sai acaɓa ta cike gurbin. Babur yana shiga kowane lungu, amma ga mace yana da wuyar sha'ani. Dole ta zauna dab da namijin da ba muharraminta ba, ga zane, ga goyo, ga hatsari. Magidanta da yawa sun mai da wannan hujjar hana matansu fita.

An ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano cikin 2000, aka kafa Hukumar Hisba da doka cikin 2003. Cikin 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta buɗe shirin gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu. Cikin 2005 aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, gwamnati kuma ta kawo babura masu ƙafa uku don jigilar mata. Sa'ad da 'yan Hisba suka fara tilasta dokar a watan Disamba na shekarar, an yi ta artabu tsakaninsu da 'yan acaɓa. Matan su ma sun sha wuya, domin sababbin baburan ba su wadata ba, mace sai ta daɗe a bakin titi tana jira. Shi kansa babur ɗin ba baƙo ba ne a Nijeriya: an san shi a Ikko da sunan Keke Marwa, daga baya kuma Keke NAPEP.

Sunan da Kanawa suka ba shi abin lura ne ga mai nazarin harshe. "A daidaita sahu" jimla ce ta umarni, wadda liman yake faɗa kafin ya ta da kabbara. Daga masallaci ta zama sunan shirin gwamnati, daga nan ta koma sunan babur, har bakin jama'a ya gutsure ta, ana cewa "na hau adaidaita", direban kuwa "ɗan sahu". Watau jimla sukutum ta rikiɗe ta zama suna guda. Gwamnatin da ta kawo shirin ta sauka cikin 2011, sunan kuwa ya zauna. Ana iya cewa asalinsa na addini ya taimaka wajen sa magidanta su saki jiki da shi.

A watan Janairu na 2013 'yan bindiga suka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni saboda tsaro. Nan da nan mai ƙafa uku ya zama abin hawan kowa, maza da mata. Abin da aka kawo don a raba mata da maza, shi ne ya fi kowane abu sauƙaƙa wa mace zuwa awon ciki a Asibitin Murtala, ko sarin atamfa a Kantin Kwari, ko ɗaukar darasi, da rana tsaka ba tare da ɗan rakiya ba.

Amma fa wannan sauƙi yana da sharaɗi. Kusan dukan masu tuƙin maza ne, kuɗin hawa kuwa ba a hannun mace yake ba. Da 'yan sahu suka yi yajin aiki a watan Janairu na 2022 a kan kuɗin da hukumar KAROTA ta ɗora musu, an ga ɗalibai da ma'aikata suna tafiya a ƙasa. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin hawa ya tashi ƙwarai. A gidan da samu ya yi ƙaranci, abin tsoro shi ne kada zuwan yarinya makaranta ya zama abin da za a fara yankewa.

Saboda haka ya kamata malaman da ke horon malamai su riƙa sa wannan a lissafi. In an ga ɗaliba mai hazaƙa ta fara fashin aji, kafin a ɗora laifi a kan al'ada ko a kan iyaye, yana da kyau a tambaya daga wace unguwa take zuwa, hawa nawa take yi, kuma nawa take biya.