Daga Dandamali Zuwa Faifai: Nazarin Rayuwa da Kiɗan Glenn Gould

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin dalilin da ya sa Glenn Gould, makaɗin piyano ɗan Kanada, ya daina kiɗa a bainar jama'a yana ɗan shekara 31. An yi nazarin rubutunsa da fayafayansa biyu, aka gano cewa matsayar da ya ɗauka kan naɗar sauti ce ta raba shi da dandamali.

1.0 Gabatarwa

An haifi Gould a Toronto ranar 25 ga Satumba, 1932. Mahaifiyarsa ce ta fara ɗora yatsunsa a kan piyano, sannan ya yi karatu a hannun Alberto Guerrero, mutumin Chile. Tauraruwarsa ta haska da faifan Goldberg Variations na Bach, wanda ya naɗa wa kamfanin Columbia a 1955. A 1957 ya yi wasa a Mosko da Leningrad, ana tsaka da yaƙin cacar baka.

2.0 Salon Kiɗansa

Kafin ya taɓa piyano yakan jiƙa hannuwansa a ruwan ɗumi. Sai ya zauna a wata gajeriyar kujera da mahaifinsa ya gyara masa, ya duƙa har fuskarsa ta kusa taɓa yatsunsa, yana kiɗa yana ƙus-ƙus da waƙa. Wannan zama ya mayar da aikin kan yatsu maimakon nauyin kafaɗa, shi ya sa kowane layin kiɗan Bach ke fita sarai a hannunsa.

3.0 Barin Dandamali

Wasansa na ƙarshe ya gudana a Los Angeles ranar 10 ga Afrilu, 1964. A wata maƙala da ya buga a mujallar High Fidelity a 1966, ya bayyana yadda ya naɗi wani kiɗan Bach sau da dama, sannan ya haɗa farko da ƙarshen wani naɗin da tsakiyar wani, ya sami abin da bai taɓa kaɗawa a zama guda ba. Masu suka sun kira wannan ha'inci. Shi kuwa ya ɗauke shi tamkar aikin mai shirya fim, wanda ba a zarginsa don ya tace hoto.

4.0 Fayafayai Biyu

A 1981 ya sake naɗar Goldberg. Na farkon ya ɗauki kusan minti 38, na biyun kusan 51. Bambancin ya zo ne daga rage sauri da kuma maimaita wasu sassa da ya tsallake a da. Ya kuma ɗaure sassan da bugu guda da ke ratsa su, aikin da ke buƙatar saurare da gyara a tsanake.

5.0 Kammalawa

Gould ya rasu ranar 4 ga Oktoba, 1982, sakamakon bugun jini, jim kaɗan bayan fitowar faifan na biyu. Nazarin ya nuna cewa ya mayar da ɗakin naɗar sauti wurin ƙirƙira, inda makaɗi ke iya komawa ya yi wa kansa gyara, ko da bayan shekara 26.