Allon da ke rubutu da haske, da abin da ya kashe shi

Kwanakin baya gardama ta kaure a rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin, mutumin Tozai, wanda rashin tsaro ya taso shi daga kasuwar Isa ya dawo Sakkwato. Yaronsa ya nuna masa bidiyon tsohon wasan nan Asteroids a waya, ya ce ai tsohuwar talabijin ce mai kwalba. Dattijon ya ƙura wa hoton ido, can ya ce, "A'a, ɗana. Wannan ba shara take yi ba, rubutu take yi." Bai taɓa ganin na'urar ido da ido ba, amma ya faɗi daidai.

Kwalbar dai guda ce, wadda Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya ƙera a 1897: daga bayanta ake harba tsinken lantarki, inda ya sauka a gilashi sai wurin ya yi haske. Tsohuwar talabijin ɗinmu tana jan tsinken daga hagu zuwa dama, layi bayan layi har 625, kamar manomi yana bin kunya ko da shuka ko babu: wannan ne allon shara. Allon bekta kuwa, irin na Asteroids, alƙalamin malami ne. Inda harafi yake nan zai je, ya ja layi, ya ɗaga. Masana a Amurka sun ɗan yi wasa da dabarar a ɗakunan bincike, a Brookhaven a 1958, a MIT a 1962, amma ba ta shiga kasuwar wasanni ba sai 1977, lokacin da Larry Rosenthal ya kai wa kamfanin Cinematronics wasan Space Wars.

Daga nan Atari ya karɓe fage. Lunar Lander ya fito a Agustan 1979, a Nuwamba kuma Asteroids na Ed Logg da Lyle Rains, wanda aka sayar da akwatunansa kimanin 70,000. Battlezone ya biyo a 1980, Tempest ya zo da launi a 1981, sai Star Wars a 1983. Layukan siraɗai ne, masu ƙyalli, babu talabijin ta lokacin da za ta kama ƙafarsu. Amma zuwa 1985 an daina yayinsu.

Me ya kashe su? Wasu na cewa karyewar kasuwar wasanni ta 1983 ce. Wasu na cewa kayan kwamfuta sun yi araha, allon shara ya iya cika hoto da launi. Ban musa ba, amma ni ina ganin a teburin mai gyara aka yanke hukuncin. Karyewar kasuwa ta daki kowa, allon shara ya tashi, na bekta bai tashi ba.

Duba yadda yake aiki. Tun da tsinken ba shi da hanya guda, manyan taransistoci ne ke fizgarsa sama da ƙasa, hagu da dama, irin yadda amfilifaya ke kaɗa lasifika. Suna zafi ƙwarai. Ɗaya ya ƙone, rabin hoto ya tafi. Zafin nan kuma yana tsattsaga dalmar da ke riƙe da ƙafafun soket, hoto ya riƙa rawa, a bubbuga akwati ya dawo. Idan fizgar ta tsaya cak, tsinken zai tsaya wuri guda ya ƙona gilashi, don haka aka sa masa mai gadi: wata 'yar da'ira da ke kashe hasken, ta kunna jar fitila a ciki. Sai ka ji wasa na ta ƙara, allo baƙi ƙirin. A nan gwani ke fara raba gardama da mita: in saƙon fizga yana fitowa daga farantin wasan, laifin na allo ne, in babu, sai a koma kan farantin. Allon Wells-Gardner 6100 na Tempest ya yi suna wajen wannan ciwo, G08 da Sega ya yi amfani da shi kuwa har wuta yakan kama.

To mai gidan wasa kuɗi yake nema. Allon shara ɗan'uwan talabijin ne, kowane mai gyara a unguwa ya san cikinsa, kayansa na kasuwa. Na bekta sai an nemo masani, akwati yana zaune ba ya kawo ko kwabo. Mu da muka ga yadda babur ko injin ban-ruwa da ba a samun kayan gyaransa ke ɓacewa daga kasuwannin Gobir, wannan ba baƙon labari ba ne gare mu.

Yanzu ita kanta kwalbar ta zama tarihi, Sony ma ya daina ƙera Trinitron tun 2008, siraran allunan LCD sun cinye gari. Dattijon ya ce yaran yanzu ba su san kwalba tana riƙe wutar dubban bolt ko an zare filogi ba. Mai tsohuwar talabijin a ɗaki, don Allah kada ka bar yara su buɗe bayanta. Ka kai wa wanda ya san yadda ake sauke mata wuta.